Yadda Ake Taimaka wa Uwar Alade Ta Ji Kukan Ɗanta Kafin Ta Danne Shi

Duk mai kiwon aladu a Billiri, Kaltungo, Balanga ko Shongom ya san wannan asara. Uwa ta haifi 'ya'ya goma lafiya lau, kowa a gida yana murna, amma kafin a yi kwana uku sai a tayar da ita a tarar da biyu a ƙarƙashinta sun sandare. Wasu su ce uwar ce ba ta da hankali, wasu su ce ƙaddara ce, a ɗauke gawar a binne a ci gaba da harka. Abin yana ci mini rai, domin mafi yawan wannan mutuwa ana iya hana ta da abin da ke cikin gida: gora, busasshiyar ciyawa, akwatin katako, da kunnen mai kiwo.

Danniya ce ta fi kashe 'ya'yan alade kafin yaye, kuma ta fi yawa a kwana uku na farko. Ɗan alade yana zuwa duniya da nauyin kilo 1 zuwa 1.5, uwarsa kuwa, idan irin turawa ce ko haɗe, tana iya wuce kilo 150. Makaminsa ɗaya ne idan ta kwanta a kansa, wato muryarsa. Wani bincike da Daniel Weary da abokan aikinsa suka yi a Kanada a 1996 ya nuna cewa ɗan da uwa ta ɗaga masa kafin minti ɗaya kusan ko yaushe yana tsira, wanda kuwa ya wuce minti 4 a danne, kusan ɗaya cikin uku ne ke rayuwa. Aikinka gaba ɗaya shi ne ka sa uwar ta ji wannan kuka, ta kuma iya tashi cikin wannan minti ɗaya.

Da farko ka koyi bambanta kukan

Mai kiwon da bai zauna a bakin ɗakin aladunsa ya saurara ba, duk ƙarar ɗaya ce a kunnensa. Alhali ba ɗaya ba ce.

Akwai gurnanin uwa na kiran shan nono. Za ta kwanta a gefe ɗaya ta baje hantsa, ta fara gurnani a hankali, ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yan su taso su hau dungurin hantsar da hancinsu. Can sai ka ji gurnanin ya ƙara sauri, jim kaɗan kuma su yi tsit gaba ɗaya, kunnuwa a kwance baya, kowa ya riƙe kan nononsa yana zuƙa. Wannan shirun shi ne saukar nono, kuma ba ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 20. Kusan duk awa ɗaya ake maimaita haka. Shi ya sa suke faɗa a kan nono kamar za su halaka juna: wanda ya rasa gurbi a waɗannan 'yan daƙiƙu, sai ya jira wata awa.

Tsuwar faɗan nono gajera ce, tana tashi tana faɗuwa, daga baki da yawa take fitowa, kuma tana yankewa da zarar nono ya sauka. Cikin 'yan kwanaki kowa yana kama nasa kan nonon, rigimar ta lafa. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne.

Kukan wanda ya ɓace wa 'yan'uwansa daban ne. Yana farawa da ɗan gurnani baki a rufe, idan ba a amsa ba ya ɗaga murya ya koma tsuwa. Weary da David Fraser sun gwada wannan a 1995, suka ga cewa ɗan da ya fi ƙanƙanta, ko wanda ya rasa shan nono, kukansa ya fi yawa, ya fi tsawo, ya fi tsini. A wani gwajin da ya biyo baya, da aka kunna wa iyaye irin wannan kuka a lasifika, sai suka fi amsawa da gurnani suna matsowa kusa da inda sautin ke fitowa, fiye da yadda suka yi wa kukan ƙoshasshe. Ke nan uwa tana tantance wanda ya fi bukata daga murya kaɗai. Kai ma kana iya koyon haka.

Sai kuma ihun wanda aka danne. Ba ya ɓuya: murya ɗaya ce, doguwa, mai tsaga kunne, ba ta tsayawa sai don jan numfashi. Uwa mai kula tana jin sa take zabura, ta zauna a kan gindinta ko ta miƙe tsaye, ta juyo tana shinshinawa. A wannan hali ba ta damu ko ɗanta ne ko na wata ba, ƙarfin ihun ne ke tayar da ita. Amma ka riƙe wannan da kyau: idan a ƙirji ko a kai ta danne shi, ba zai samu iskar yin ihu ba. Don haka shiru ba shaidar lafiya ba ce. A kwana ukun farko, duk lokacin da ta kwanta a gabanka, ka ƙirga su.

Ka gyara ɗaki tun da sauran mako guda

Cikin alade kwana 114 ne, wato wata uku da mako uku da kwana uku. Ka rubuta ranar barbara, a littafi ko da gawayi a jikin bango. Idan saura kwana 5 zuwa 7, ka wanke ɗakin haihuwa ya bushe, ka wanke uwar da ruwa da sabulu musamman hantsa, ka shigar da ita ita kaɗai don ta saba da wurin.

Ɗakin kada ya gaza mita 2 a faɗi da mita 3 a tsawo. A matsattsen wuri ba ta iya juyawa ta ga inda 'ya'yanta suke. Daɓen kuma a nan mutane da yawa suke kuskure: suna shafe siminti ya yi sumul don sauƙin wanki, ruwa yana taɓa shi ya zama santsi. Uwar da ƙafarta ke zamewa ba ta kwanciya a hankali, faɗuwa take yi, kuma idan ɗa ya yi ihu sai ta yi ta fafutukar tashi ta kasa. A bar daɓen da ɗan kaushi, da ɗan gangara zuwa magudanar ruwa.

Sannan ka kewaye bango da sanda. Gora mai kauri, azara ko bututun ƙarfe, duk suna yi. Ka kafa ta kamar santimita 20 zuwa 25 daga ƙasa, haka kuma daga jikin bango, wato kusan taƙi ɗaya na babban mutum. Alade tana son jingina da bango lokacin kwanciya, ta sulale ƙasa. Idan babu sanda, ɗan da ke bin bango ba shi da mafita. Idan akwai, bayanta zai tsaya a kan sandar, shi kuma ya shige ƙarƙashi ya fita ta gefe. Ka kafa ta da ƙarfi sosai, ka gwada ta da nauyin jikinka, don za ta soshe jikinta a kai ta kuma tono ta da hanci.

A kusurwa ɗaya ka keɓe wa 'ya'yan nasu wurin. Akwatin katako mai murfi ya isa, da ƙofar da ɗa zai shiga amma kan uwa ba zai shiga ba, a shimfiɗa buhu ko ciyawa a ciki. Dalilin wannan akwati shi ne uwa da ɗa ba yanayi ɗaya suke so ba. Jariri yana bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, domin ba shi da kitse ko gashin kirki, uwa kuwa ta fi sakewa a wajen digiri 20. A daren hunturu, a Disamba da Janairu, idan ba su da wurin ɗumi, jikin uwa za su manne wa, nan ne kuma haɗarin yake. Ɗan da sanyi ya kama, ƙarfin jikinsa yana ƙarewa, ba ya iya gudu, kukansa ma ba ya fita. Mai wuta ya rataya ƙwan lantarki mai zafi a saman akwatin. Wanda ba shi da ita ya cika jarka da ruwan ɗumi ya naɗe da buhu ya ajiye a ciki, yana canzawa. Ba na son kaskon gawayi a ɗakin aladu: ga ciyawa busasshiya a ko'ina, ga hayaƙinsa da ke kisa a rufaffen wuri.

Ka ba ta ciyawa ta yi shimfiɗarta

Kamar kwana ɗaya kafin haihuwa za ka ga ta kasa zaune ta kasa tsaye, tana tono daɓe, tana cizon sanda, tana ɗaukar duk abin da ta samu a baki. Sheƙa take son yi, halin da ta gado daga aladen daji. Kada ka hana ta, kada kuma ka yi mata da hannunka. Ka zuba mata busasshiyar ciyawa mai tsabta, marar ruɓa, ka bar ta ta ɗauka ta jera yadda take so. Uwar da ta samu ta yi sheƙa ta fi natsuwa a naƙuda, ta fi kula da 'ya'ya bayan haihuwa. Ka dai sassara ciyawar ta zama gajera, kuma kada ta yi tsibi. Doguwar ciyawa tana harɗe ƙafar jariri, tsibi kuma yana ɓoye shi uwa ta kwanta a kai ba ta gani ba.

Idan ka matsa kan nono ka ga farin ruwa ya fito, haihuwa ta kusa, yawanci ba ta wuce yini ɗaya.

Daren haihuwa: kai ne kunnenta

Nan ne wurin da ba a cika ganewa ba. Yayin naƙuda da 'yan awannin da ke biye, uwa takan kwanta shame-shame, 'ya'ya suna hawa kanta suna tsuwa, ita ko motsi. Wannan ba rashin kula ba ne. Jikinta ne ke sa ta kwanta lamo don jarirai su samu dakashi, nonon farko mai ɗauke da garkuwar jiki, wanda hanjinsu ke iya tsotsar amfaninsa sosai a kwanan farko kawai. Kada ka dake ta don ta tashi. Amma tunda a wannan lokaci ba ta cika amsa kuka ba, dole wani ya zauna kusa, kuma wanda ta saba da shi, mai ba ta abinci kullum. A gidajenmu da yawa uwargida ce ke wannan aiki, to ita ce ya kamata ta zauna, ba baƙo ba.

Haihuwa takan ɗauki awa 2 zuwa 6, tazarar kamar minti 15 zuwa 20 tsakanin ɗa da ɗa. Kowanne ya fito, ka share masa hanci da baki, ka goge shi da tsumma mai tsabta har ya bushe, ka tsoma cibiya a aidin, ka kai shi bakin nono. Idan ta yi ta nishi fiye da minti 45 babu abin da ya fito, kira malamin dabbobi. Mabiyiya ta faɗo, ka kwashe ta ka binne.

Mai haihuwar fari tana bukatar ido biyu. Wata tsuwar jariri ce ke firgita ta, ta yi ta tashi tana kwanciya, wata har ta kai wa ɗan cizo idan ya zo kusa da kanta. Idan ka ga haka, ka riƙa tara su a akwati mai ɗumi har ta gama, kana shafa mata hantsa a hankali. Shafar tana sa ta miƙe ta fara gurnanin shayarwa. Sai ka dawo da su ɗaya bayan ɗaya, ta wajen nonon baya tukuna.

Kwana uku masu haɗari

Ka tsaya ka kalli yadda take kwanciya, ko da sau biyu ne a yini. Uwa tagari ba ta faɗuwa kawai. Za ta zagaya, ta tura hanci cikin ciyawa, ta yi gurnani, ta tunkuɗe 'ya'yan su taru gefe ɗaya. Sai ta durƙusa da ƙafafun gaba, ta ɗan dakata, sannan ta sauke gindi a hankali zuwa gefen da babu kowa. Wadda ke zubewa gaba ɗaya, ko mai mirginawa daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ta tashi ba, ita ce za ka sa wa ido.

Lokacin cin abinci ne ta fi tashi da kwanciya. Saboda haka kafin ka zuba dusa, ka tattara 'ya'yan cikin akwati ka toshe ƙofar, ta ci, ta sha, ta yi fitsari, ta kwanta, sannan ka buɗe. Kada ya wuce rabin awa, don kada su rasa zagayen nono. Amfaninsa biyu ne: sun kauce wa ƙafafunta, sun kuma koyi cewa akwatin ne wurin barci. Bayan kwana biyu ko uku da kansu za su riƙa shiga.

Ka rage hayaniya. Janareta a jikin ɗakin, injin niƙa, rediyo, karnuka, yara masu leƙe, duk suna danne muryar ɗa, suna kuma hana jarirai jin gurnanin kiran nono. Hana baƙi shiga yana da wani amfani babba: zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya yi wa ƙasar nan mummunar ɓarna tun daga 1997, ba shi da magani, kuma a takalmi da tufafi ake yawan kai shi gida. Mai son saye ya tsaya daga waje.

Idan ka ji ihun danniya ka ga ba ta motsa ba, kada ka tsaya jan ɗan ta ƙafa, za ka ƙara ji masa ciwo. Ka mari cinyarta da tafin hannu, ka tura ta da gwiwa, ko ka girgiza bokitin abinci, wanda sau da yawa ya fi duka saurin tayar da ita. Ɗan ya fito, ka murza masa ƙirji da tsumma, ka duba ko yana taka ƙafafu huɗu, ka sa shi a ɗumi ya dawo hayyacinsa, sannan ka riƙe shi a bakin nono a zagaye na gaba.

Idan kuka ya ƙi ƙarewa, uwar za ka duba

'Ya'yan da suka ƙoshi barci suke yi, cikinsu a cike, fatarsu tana sheƙi. Idan ka ga suna ta sintiri a jikin hantsa suna tsuwa bayan an gama shayarwa, kwiɓinsu ya lotsa, gashinsu ya tashi, to nono ne babu. Yunwa da danniya tare suke tafiya, domin mayunwaci ba ya barin jikin uwa ko da tana shirin kwanciya. Sau da yawa wanda ake samu a danne, idan ka duba, cikinsa wayam.

Ka taɓa hantsar. Idan ta yi tauri, ta yi zafi, uwar ta kwanta rub da ciki tana ɓoye nono, ta ƙi abinci, ko wani ruwa mai wari yana fita ta bayanta, ka auna zafin jikinta. Ya wuce digiri 39.5, a nemo malamin dabbobi a ranar, ba gobe ba. Uwa mai zazzaɓi tana jin ihun ɗanta sarai, ƙarfin tashi ne ba ta da shi. Haka mai ciwon ƙafa, mai dogon kofato, da wadda aka bari ta yi ƙiba fiye da kima lokacin ciki.

Sau da yawa kuma matsalar ruwa ce kawai. Mai shayarwa tana shan lita 20 zuwa 30 a yini, har fiye idan ana zafi, kusan jarka guda ke nan ko sama da haka. Kwano ɗaya da safe ba zai yi nono ba. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Gombe ke kaiwa digiri 40, za ka ga uwa tana haki, tana yawan juyi, tana zubewa ba tare da dubawa ba. Ka jiƙa mata wuya da kafaɗu da tsumma, kada ka kwarara ruwa a daɓe ya jiƙa jarirai. Ka ba ta abinci da sassafe da kuma bayan la'asar. Ranar haihuwa a ba ta kaɗan, jiƙaƙƙiyar dusa don cikinta ya saki, sannan a riƙa ƙarawa kullum har ta kai ga cin iya cinta.

Idan 'ya'yan sun fi kan nonon yawa, kuma kana da wata uwa da ta haihu kusan rana ɗaya, ka mayar mata da wasu bayan sun sha dakashin uwarsu, cikin kwana biyun farko. Manyan za ka ɗauke, ka bar ƙanana wurin da suka saba. Da hanci uwa ke gane nata, don haka ka haɗa su da 'ya'yanta a akwati ɗaya na ɗan lokaci warinsu ya gauraya.

Kada ka sa su ihu a gabanta

A kwana na 3 ake yi musu allurar ƙarin jini, miligiram 200 na sinadarin ayon, domin nonon alade ba shi da shi isasshe. Akwai kuma dandaƙa da sauran ayyuka. Duk waɗannan suna sa ihu irin na danniya, kuma uwar da ta ji za ta zabura ta yi ta zagaye a fusace, ta tattake sauran, ko ta afka wa mai riƙe da ɗan. Cizon uwar alade yana karya ƙashi. Ka rufe dukansu a akwati, ka zuba mata abinci, ka ɗauki akwatin zuwa nesa inda ba za ta ji sosai ba, a gama aikin a dawo da su tare. Wurin ɗauka, ka kama ƙafar baya ka tallabe ƙirji da ɗaya hannun nan take. Matse ciki ne ke sa su tsala ihu. Duk lokacin da za ka shiga ɗakin, ka riƙe faffaɗan katako tsakaninka da ita, ka kuma san inda ƙofa take. Yara kuwa a ja musu kunne: ba a ɗaukar ɗan alade don wasa.

Ka gwada ta, ka rubuta, ka zaɓi iri

Iyaye ba ɗaya ba ne wajen amsa kuka. Wata tana tashi tun ihun farko, wata sai ta ɗaga kunne kawai ta ci gaba da barci. Masu bincike a Suwizalan sun ga cewa waɗanda suka fi saurin amsa ihun da aka kunna musu sun fi ƙarancin danne 'ya'ya. Kai ma kana iya yin gwajin da wayarka. Ranar allura ka naɗi ihun ɗa guda. A haihuwa ta gaba, ko ga wata uwar, a kwana na 2, ka rufe 'ya'yan a akwati tukuna don kada ta taka su, ka jira ta gama kwanciya, ka tsaya a bayan bango ta wajen gindinta ka kunna da ƙarfi na ɗan lokaci. Ka lura: ta miƙe, ta zauna, ta ɗaga kai kawai, ko ba ta kula ba. Sau ɗaya ya isa. Idan kana maimaitawa za ta saba da shi, ka koya mata yin biris da ainihin kukan da kake so ta ji.

Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, don ranar tana iya kasancewa a gajiye ko ba ta da lafiya. Ka haɗa shi da lissafi: nawa ta haifa da rai, nawa ta danne, nawa ta yaye. Uwar da ta danne da yawa a haihuwa biyu a jere, alhali akwai sanda, akwai akwati, akwai ruwa, ƙafafunta kuma lafiya, ka yi mata kiwon sayarwa bayan yaye. Haka tsohuwar da ta yi nauyi har tashi ya zame mata aiki. 'Yan matan da za ka ajiye don iri, ka ɗebo su daga uwar da ke zagayawa kafin kwanciya, mai zabura idan ta ji ihu, kuma ka kifar da kowacce ka ƙirga kan nono: kada ya gaza 12 masu kyau, a jere daidai hagu da dama.